Wane Samfuri Ya Dace da Aikinka? Kwatanta Hanyoyin Kwaikwayon Jijiyoyin Taɓi a Kwamfuta

Duk wanda ya ɗaura aniyar kwaikwayon yadda fata take jin taɓi a cikin kwamfuta, ko ɗalibin bincike ne, ko injiniya mai ƙera hannun roba, ko masanin jijiyoyi, tambayar da za ta fara tare masa hanya ita ce zurfin da zai nutsa. Akwai mai gina fata da ƙwayoyin cikinta daki-daki, akwai mai neman lissafi matsakaici da zai ba shi amsar dubban jijiyoyi a lokaci guda, akwai kuma mai son ɗan ƙaramin lissafi da zai gudana a cikin na'urar da ba ta fi akwatin ashana ba. Ra'ayina, kuma shi zan kare a wannan rubutu, shi ne yawan bayanin da samfuri ya ƙunsa ba shi ne ma'aunin ingancinsa ba. Abin da ya kamata ya yanke hukunci shi ne tambayar da mutum yake son amsawa, da kuma irin shaidar da yake da ita ta gwada abin da ya gina.

Kafin a shiga kwatance, ya kyautu a san abin da ake kwaikwaya. Roland Johansson da Åke Vallbo, masu bincike a ƙasar Suwidin, sun ƙiyasta a shekarar 1979 cewa fatar tafin hannun mutum da ta cikin yatsunsa tana ɗauke da zaruruwan jijiyar taɓi kimanin 17,000, waɗanda suka kasu gida huɗu. Akwai SA1, waɗanda suke ƙarewa a kan ƙwayoyin Merkel, masu ci gaba da aika saƙo muddin abu yana danne da fata, kuma su ne gwanaye wajen gane gefe da tsini da siffar abu. Akwai RA, masu ƙarewa a ƙulluttukan Meissner, waɗanda ba sa magana sai fata tana motsi, kuma sun fi jin girgiza mai maimaituwa sau 5 zuwa 50 a sakan. Akwai PC, masu ƙarewa a ƙulluttukan Pacini da ke can ƙasan fata, waɗanda jinsu ya fi kaifi a wajajen girgiza 250 a sakan, har sukan amsa motsin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Na huɗunsu SA2, masu jin miƙewar fata. A kan yatsa, inda suka fi cunkoso, ana samun RA kimanin 140 da SA1 kimanin 70 a kowace murabba'in santimita.

A ɗauki gwaji mafi sauƙi. An kawo ɗan siririn ƙarfe mai mulmulallen baki, an danna shi a kan yatsa zurfin milimita ɗaya, an riƙe shi na sakan guda, sannan an janye. Zaren SA1 zai saki bugun lantarki a jere da sauri yayin da ƙarfen yake shiga, sannan ya sassauta, ya ci gaba da bugawa jefi-jefi ba tare da daidaitacciyar tazara ba har a ɗaga. Zaren RA zai buga 'yan kaɗan a lokacin shiga, ya yi tsit duk tsawon riƙon kamar babu abin da yake taɓa shi, ya sake bugawa a lokacin janyewa. Zaren PC kuwa, ko da yana nesa a gindin yatsa, yana iya buga ɗaya ko biyu a daidai farkon motsi da ƙarshensa, domin taɓin ya tayar da wata 'yar igiya da ta ratsa fata ta isa gare shi. Kowane samfuri, komai girmansa, dole ya bi matakai uku kafin ya fitar da wannan: yadda fata ta lotsa, yadda lotsawar ta zama lantarki a bakin jijiya, da yadda lantarkin ya zama jerin bugu. Bambancin hanyoyin yana ga matakin da kowacce ta zuba ƙarfinta, da wanda ta tsallake da gajeren lissafi.

Hanya ta farko ita ce ta nutso, wadda take ɗaukar fata da ƙwayoyinta a matsayin abin da za a gina da gaske. A nan ana amfani da dabarar injiniyoyi ta yayyanka abu zuwa dubban ƙananan gutsattsari, a ba kowane gutsure taurinsa da laushinsa, sannan kwamfuta ta lissafa yadda matsi yake ratsa su ɗaya bayan ɗaya. Manhajoji irin su Abaqus da COMSOL da FEBio su ne kayan aikin. A shekarar 2003 Dandekar da Raju da Srinivasan na cibiyar MIT a Amurka suka gina yatsan mutum da na biri ta wannan hanya, da siffarsa ta zahiri da hawa-hawan namansa, suka nuna cewa ƙarfin da lotsawa take tarawa a daidai wurin da ƙwayar take ya yi daidai da yawan bugun SA1. Amfanin wannan hanya a fili yake: za ka iya tambayar me zai faru idan fatar sama ta yi kauri, ko ta bushe ta yi tauri, ko zanen yatsa ya shafe, ko tsufa ya rage mata ƙarfin komawa yadda take, sannan ka sauya lamba ɗaya ka ga sakamako. Babu wata hanya da take ba da wannan damar.

Nutson bai tsaya ga fata ba, yakan shiga har cikin ƙwayar. Mafi kyawun misali tsoho ne. A tsakiyar shekarun 1960 Werner Loewenstein da abokan aikinsa suka ɓare ɓawon ƙullutun Pacini, wanda yake hawa-hawa kamar albasa, sai suka ga lantarkin da bakin jijiyar yake samarwa ya daɗe maimakon ya ɗauke nan take, kuma a 1966 shi da Richard Skalak suka fitar da lissafin da ya bayyana dalili: ɓawon da ruwan da ke tsakanin hawa-hawansa su ne matata, suna shanye matsi mai ɗorewa, suna barin mai saurin sauyi ya wuce. Irin wannan aikin ne Gregory Gerling na Jami'ar Virginia da Ellen Lumpkin suka yi wa ƙwayoyin Merkel na ɓera. A 2014 suka nuna da lissafi cewa yadda ƙwayoyin suke taruwa rukuni-rukuni a kan rassan jijiya guda, wani rukuni babba wani ƙarami, yana sauya kaifin jinta. A 2018 kuma samfurinsu ya nuna cewa lantarki mai saurin ɗaukewa, irin wanda mashigar Piezo2, wato ƙofar da lantarki yake bi ya shiga ƙwaya, take samarwa, ba zai isa shi kaɗai ya riƙe doguwar amsar SA1 ba, dole a sami wani mai jinkiri. Ita Piezo2 ɗin, furotin ce da ɗakin binciken Ardem Patapoutian ya gano a 2010, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2021 tare da David Julius. Wanda tambayarsa ta shafi irin waɗannan abubuwa, wato dalilin da ya sa ƙwaya take yin abin da take yi, ba shi da zaɓi face wannan hanya.

Sai dai tana da tsada, kuma tsadar ba ta lokacin kwamfuta kaɗai ba ce, ko da yake lissafin taɓi guda yakan ci mintuna ko sa'o'i, ballantana girgiza mai sauri da take bukatar a sassara lokaci ƙanana-ƙanana. Babbar matsalar ita ce kowane ƙarin bayani yana zuwa da ƙarin lambar da dole a saita, alhali yawancin waɗannan lambobi ba a taɓa auna su a jikin mai rai ba. Taurin kowane hawa na fata ya bambanta daga mutum zuwa mutum, har daga yatsa zuwa yatsa, kuma alƙaluman da ake samu a rubuce-rubucen masana sukan yi hannun riga da juna. Idan mai bincike ya ɗauko taurin fata daga gawar mutum, ya ɗauko halin mashigar lantarki daga ɓera, ya gwada sakamakon da bugun jijiyar biri, to hoton da zai fito zai yi kyau da launuka, amma kyan hoto ba hujja ba ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Samfurin da yake da lambobin saiti hamsin zai iya dacewa da kusan kowane sakamako, kuma wannan dacewar ba ta tabbatar da cewa bayanin da ke cikinsa gaskiya ne.

Hanya ta biyu ta yarda ta sauƙaƙa fata domin ta sami yawa da sauri. Asalinta yana komawa ga aikin Phillips da Kenneth Johnson na 1981, waɗanda suka ɗauki fata tamkar shimfiɗaɗɗiyar roba mai laushi bai ɗaya, ba ƙashi, ba farce, ba zanen yatsa, suka kuma tarar cewa wannan sauƙin zato ya isa ya hango yadda SA1 na biri suke amsa sanduna da gefuna da tsagogi. Sripati da Bensmaia da Johnson suka faɗaɗa shi a 2006. Sannan a 2017 Hannes Saal da Benoit Delhaye da Brandon Rayhaun da Sliman Bensmaia na Jami'ar Shikago suka haɗa komai a manhajar da suka kira TouchSim, wadda take kwaikwayon zaruruwa kimanin 12,500 na hannu guda, kowanne a mazauninsa. Ana iya samunta kyauta, da harshen MATLAB da kuma na Python.

Ya dace a duba cikinta da kyau, domin ita ce mafi yawan masu farawa za su ci karo da ita. Kana ba ta siffar abin da ya taɓa fata, da wurin da ya taɓa, da zurfin dannawarsa a kowane lokaci. Daga nan take lissafa abubuwa biyu: matsin da ya isa zurfin da ƙwayar take, da kuma igiyar girgiza da take bazuwa a fata tana raguwa gwargwadon nisa. Sai ta ba kowace jijiya wannan saƙo tare da saurin sauyawarsa, ta raba na shiga da na fita, ta auna wa kowanne nauyinsa, ta zuba su a wani tsohon lissafi da ya samo asali daga Louis Lapicque a 1907. Wannan lissafi yana kama da tulu mai yoyo: ruwa yana shiga yana zurara, idan ya kai baki sai a ƙirga bugu ɗaya a zubar a sake farawa. Babu Piezo2 a ciki, babu ɓawon Pacini, babu ƙwayar Merkel. An dai saita lambobin ne har sai bugun samfurin ya zo daidai da na ainihin jijiyoyin birai da aka naɗa yayin da ake girgiza musu fata.

Abin da ya ba wannan hanya daraja shi ne daidaiton lokaci. Binciken ɗakin Bensmaia, musamman na Weber da abokansa a 2013, ya nuna cewa kaushi mai manyan ƙuraje ana gane shi ne daga tsarin wuraren da SA1 suke bugawa, amma laushin yadi da makamantansa yana ɓoye ne a cikin tazarar lokacin bugun RA da PC, tazarar da ake aunawa da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Ke nan samfurin da ya faɗi adadin bugu daidai amma ya kuskure lokutansu ya zubar da rabin saƙon. TouchSim tana hango lokacin bugu da kusancin 'yan milisakan, kuma tana yin haka ga dubban jijiyoyi a kan kwamfutar ofis. Wannan ya buɗe tambayoyin da gwajin jiki ba zai iya amsawa ba, kamar nawa ne daga cikin jijiyoyin hannu suke tashi idan an taɓa wuri ɗaya, ko wane saƙo ne ƙwaƙwalwa take samu daga taron gaba ɗaya. An kuma yi amfani da ita a aikace: a 2018 Giacomo Valle da abokan aikinsa a tawagar Silvestro Micera suka yi amfani da ita wajen tsara lantarkin da suke aikawa cikin jijiyoyin mutanen da aka yanke wa hannu, kuma mutanen suka ce abin da suka ji ya fi kama da taɓi na asali.

To amma tsugune ba ta ƙare ba. A ɗauki mutum riƙe da kofin gilashi tsakanin babban yatsa da manuni, ana zuba masa ruwa a hankali. Nauyi yana ƙaruwa, kofin yana jan fata ƙasa. Tun kafin ya suɓuce, gefen da'irar da fata ta manne wa gilashin yakan fara zamewa alhali tsakiyar tana nan a manne, zoben zamewar yana matsowa ciki, fatar tana miƙewa a wani ɓangare tana tattarewa a wani. Jijiyoyin RA suna jin wannan, kuma Johansson da Göran Westling sun nuna tun a shekarun 1980 cewa hannu yana ƙara damƙa cikin kimanin milisakan 70 bayan zamewa, kafin mutum ya ankara. TouchSim ta asali ba ta san wannan ba sam, domin dannawa kai-tsaye kawai take lissafawa, ba ta ɗaukar jan gefe. Duk wanda aikinsa ya shafi damƙa da zamewa da gogayya, wato kusan duk abin da hannu yake yi idan yana sarrafa kaya, ya sani tun daga farko cewa zai bukaci samfurin fata mai gutsattsari, ko kuwa ya ɗauki hoton fatar ta cikin gilashi ya auna miƙewarta da kansa, kamar yadda Delhaye da abokansa suka yi.

Akwai wasu giɓi guda biyu. Na ɗaya, manhajar ta ɗauki kowace jijiya a matsayin ɗigo guda, alhali zare ɗaya na SA1 ko RA yana rassa ya ƙare a wurare da yawa, kuma Andrew Pruszynski da Johansson sun nuna a 2014 cewa wannan rarrabuwar tana ba zare guda damar bambance karkatar gefen abu. Na biyu, babu SA2 a cikinta, domin ba a samun irinsu a fatar tafin hannun biran da aka naɗi bayanan daga gare su. Samfurin tafin ƙafa mai suna FootSim, wanda aka gina daga baya tare da Saal bayan ya koma Jami'ar Sheffield a Ingila, ya ƙunshi dukkan nau'o'in huɗu, saboda daga jikin mutane aka samo bayanansa.

Hanya ta uku ba ta bukatar dogon bayani. Ana ɗaukar saƙon na'urar auna matsi da aka dasa a yatsan roba, a zuba shi kai-tsaye cikin ƙaramin lissafin jijiya, galibi wanda Eugene Izhikevich ya wallafa a 2003, mai jimlolin lissafi biyu da lambobin saiti huɗu. Idan ana son halin SA1 sai a ba shi matsin, idan ana son na RA sai a ba shi saurin sauyawar matsin. Da wannan Calogero Oddo da abokansa a Italiya suka sa wani da aka yanke wa hannu ya bambance kaushin tsagogi a 2016. Yana gudana nan take, ba ya cin batir, kuma ya wadatar idan manufa ita ce na'ura ta yi aiki. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a kira bugunsa bugun jijiyar mutum, domin kama ce kawai ta hali, ba a saita shi da jijiya ko ɗaya ba. Haka nan masu son horar da manhajar koyon na'ura ta hango bugu daga bayanai kai-tsaye: dabarar tana da kyau, amma tana cin bayanai da yawa, kuma a wannan fagen bayanai su ne abin da ya fi ƙaranci.

A nan ne gizo yake saƙar, kuma ya shafi hanyoyin uku duka. Bayanan mutum ana samun su ne ta dabarar da Karl-Erik Hagbarth da Vallbo suka ƙirƙira a Uppsala a shekarun 1960: mutum yana zaune a farke, a soka siririyar allurar ƙarfe cikin jijiyar hannunsa, a yi ta lallaɓa ta har bakinta ya dace da zare guda, sannan a yi gwaji cikin hanzari kafin ɗan motsi ya gusar da ita. Zare ɗaya ake naɗa a lokaci guda, wani lokaci a yini guda ba a samu fiye da 'yan ƙalilan ba. Dubban jijiyoyin da ke cikin TouchSim ma kwafi ne na jijiyoyin birai na gaske da ba su kai ashirin ba, an maimaita su an baza a hannu gwargwadon cunkoson da aka sani. Wannan ba aibi ba ne da ya keɓanta da ita, domin masu hanyar nutso sau da yawa da ƙasa da haka suke gwada nasu. Amma yana nufin duk wanda ya fitar da samfuri daga irin taɓin da aka saita shi da shi, misali daga girgizar ɗan tsinke zuwa shafar yadi da yatsa gaba ɗaya, yana tafiya ne a kan zato.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya fara da hanya ta biyu ko da a ƙarshe ba a nan zai tsaya ba, domin cikin 'yan kwanaki zai ga yadda nau'o'in uku da ke cikinta, wato SA1 da RA da PC, suke amsa taɓin da ya dame shi, ya kuma gane ko giɓin da ke cikinta ya shafi tambayarsa. Idan ya tarar matsalar tana ga fata, wato jan gefe ko siffar yatsa ko sauyin tauri, ba dole ba ne ya yar da komai: zai iya gina fatar da gutsattsari, ya ɗauki matsin da ta fitar ya zuba a lissafin tulu mai yoyo, kamar yadda Gerling ya yi a ayyukansa na farko, sai dai ya sake saita lambobin jijiyar, domin waɗanda aka saita da wata fata ba za su zauna daidai a kan wata ba. Idan matsalar tana cikin ƙwayar, to ya koma ga lissafin mashigun lantarki irin na Hodgkin da Huxley na 1952, a manhaja kamar NEURON, ya kuma haƙura da jijiya ɗaya ko biyu maimakon hannu guda. Idan kuwa batir da sauri ne suka ɗaure shi, yana iya amfani da babban samfurin a matsayin malami, ya saita ƙaramin ya riƙa bin sahunsa, dabarar da ɗakin Bensmaia ya bi a 2018 domin masu ƙera hannun roba.

Kowace ya ɗauka, ya ware wani kaso na bayanansa da ba zai taɓa ba yayin saiti, kuma kason ya zama na wani irin taɓi dabam, ba maimaicin wanda ya yi saitin da shi ba. Idan da girgiza ya saita, ya gwada da dannawa da riƙewa, ya duba ko RA ɗinsa ya yi shiru a lokacin riƙo, ko SA1 ɗinsa ya ci gaba da bugawa har ƙarshen sakan ɗin da tazarar da ba ta daidaita ba, sannan ya jera lokutan bugun kusa da na jijiyar gaske ya ƙirga milisakan nawa ne tsakaninsu.